Turanci Zalla a Aji: Ina Makomar Darasin Adabi da Rubutun Nazari a Sakandare?

A watan Nuwamba 2025 ministan ilimi na Najeriya, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fagen firamare har jami'a. Tun ranar ake ta ce-ce-ku-ce a rediyo da shafukan sada zumunta, kuma kusan duk muhawarar a kan 'yan firamare take tsayawa. Iyayen da 'ya'yansu ke babbar sakandare sai suka rasa inda maganar ta shafe su, tunda a takarda da ma da Turanci ake koyarwa a can.

Ta shafe su kuwa. Duk abin da aka shuka a firamare, a sakandare ake girbe shi, kuma babu inda girbin yake fitowa fili kamar darasin adabin Turanci da rubutun insha'i. A lissafi yaro zai iya tsira da lambobi. A adabi dole ya karanta littafi sukutum da harshen da ba na gidansu ba, ya fahimci abin da marubuci bai faɗa ƙarara ba, sannan ya kafa hujja a rubuce da wannan harshen dai.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Harshen koyarwa daban, harshe a matsayin darasi daban. Sanarwar minista a kan na farko take, wato harshen da malami zai yi bayanin lissafi ko kimiyya da shi. Darasin Hausa kuma wani abu ne dabam, yana da nasa manhaja da tasa jarrabawa.

Sai wanda ake kira ɗalibi mai koyon Turanci. A Amurka wannan suna ne na hukuma da ake ba yaron da ke magana da wani harshe a gida kuma bai ƙware a Turanci ba tukuna. Sun haura miliyan 5 a makarantun gwamnati, wajen ɗaya cikin kowane ɗalibai 10, mafi yawansu masu jin Sifaniyanci. A can tsiraru ne, ana gwada su duk shekara, ana ware musu tallafi. A makarantar gwamnati ta Gumel ko Illela kuwa ajin ne gaba ɗaya masu koyon Turanci, amma manhaja da jarrabawa suna ɗaukarsu tamkar sun gama koyonsa.

Rubutun nazari kuma ba maimaita labari ba ne. Ɗauki tatsuniyar Gizo. Wanda ya rubuta cewa Gizo ya yaudari dabbobin dawa ya ci abincinsu ya gudu, labari ya bayar. Wanda ya rubuta cewa tatsuniyar tana barin Gizo ya yi nasara ne a duk lokacin da abokin karawarsa ya fi shi ƙarfi, amma tana kunyata shi idan kwaɗayinsa ya kai shi ga cutar na kusa da shi, sannan ya kawo wurare biyu a cikin tatsuniyar da suka nuna haka, ya bayyana yadda suka nuna, wannan ya yi nazari. Akwai matsaya, akwai hujja daga matani, akwai bayanin da ya ɗaure su.

A ƙarshen shekarun 1970 wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya raba iya harshe gida biyu: harshen hira da harshen karatu. Binciken da ya yi a kan 'ya'yan baƙin haure ya nuna cewa yaro kan kama Turancin hira cikin kamar shekara 2, amma kafin ya kamo tsararrakinsa a Turancin littafi da rubutu yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Wannan a ƙasar da Turanci ke kewaye da yaro ke nan, a titi da kanti da talabijin. Shi ya sa uba zai ji ɗansa yana zuba Turanci a waya, sakamako ya fito ya ga ya faɗi, ya ce an zalunce shi. Sau da yawa ba zalunci ba ne, Turancin da aka gwada ne ba shi yaron ya iya ba.

Yadda aka zo nan

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima sau da dama, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu a azuzuwan farko na firamare, daga aji 4 a koma Turanci. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Masu goyon bayan harshen uwa har gobe da wannan gwaji suke kafa hujja. Masu taka-tsantsan kuma suna tunatarwa cewa yaran Ife sun samu littattafai da aka rubuta musu na musamman da malaman da aka horar domin aikin, abin da makarantar ƙauye ba ta taɓa gani ba.

A ƙarshen Nuwamba 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a faɗaɗa tsarin ya game shekara 6 na firamare. Shi kansa ministan ya ce aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Shekara 3 bayan haka aka soke. A daidai lokacin, Ghana hanya dabam ta bi: a Oktoba 2025 ministan iliminta, Haruna Iddrisu, ya umarci a koyar da harsunan gida a azuzuwan farko. Kuma ƙasashen biyu duk jarrabawar WAEC suke rubutawa.

Abin da ke gudana a aji kuma bai taɓa bin takarda sau da ƙafa ba. A makarantun gwamnati da yawa a Arewa malami yana karanta layi da Turanci, ya fassara da Hausa, ya rubuta bayani a allo da Turanci, yara su kwafa. A wasu makarantun kuɗi kuma ana cin tarar wanda aka kama yana Hausa. Yaron da ya fito daga tsari na farko bai koyi rubutu mai zurfi da Hausa ba, bai koya da Turanci ba. Wanda ya fito daga na biyu bakinsa ya faɗa da Turanci, amma ba lalle ba ne an taɓa sa shi ya kare wata matsaya a rubuce.

Abin da jarrabawa take nema

Jarrabawar adabin Turanci ta WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyin zaɓi ne, ciki har da waƙa da zube da ɗalibi bai taɓa gani ba, da wasan kwaikwayo na Shakespeare. Ta biyu insha'i a kan ƙagaggun labarai, na Afirka da na waje. Ta uku insha'i a kan wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Ana sauya jerin littattafan duk bayan shekara 5. Turancin Shakespeare ya haura shekara 400, ko yaron Landan sai an yi masa fashin baƙi.

Rahotannin manyan masu duba takardun WAEC sun daɗe suna nanata koke iri guda: ɗalibai ba su karanta littattafan ba, sun dogara da 'yan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, suna ba da labari maimakon amsa tambaya, kuma Turancinsu yana hana a gane abin da suke nufi. A takardar Turanci kuma ana neman insha'i mai kalmomi wajen 450, ana raba maki a kan abin da aka faɗa, da tsarinsa, da iya sarrafa harshe, da tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da ƙa'idojin rubutu. Iya sarrafa harshe ne ya fi ɗaukar maki.

A 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 suka zauna WAEC a Najeriya. Sakamakon farko ya nuna kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit 5 har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an yi kuskure wajen duba wasu takardu, ta gyara adadin ya koma kusan kashi 63, ƙasa da kashi 72 na 2024. Duk mai son kafa hujja da alƙaluman shekarar, ta kowane ɓangare, ya kamata ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Matsayar ɓangarorin

Hujjar ma'aikatar ilimi ita ce yankunan da suka fi rungumar harshen uwa su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB, kuma tunda da Turanci ake jarrabawa, gara yaro ya saba da shi tun da wuri. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa Najeriya tana da harsuna sama da 500, a aji ɗaya a Jos ko Abuja za a samu yara masu harsuna goma, to da wanne za a koyar? Kuma 'ya'yan masu hali da ma da Turanci suke karatu, hana ɗan talaka shi ƙara masa tazara ne. Wannan ba maganar da za a watsar ba ce. Harshe yana son yawan ji da yawan amfani, kuma ga yaron da ba ya jin Turanci a gida ko a unguwa, aji ne kaɗai wurin da zai same shi.

Masana harshe da dama sun mayar da martani cewa ba a soke abin da ba a aiwatar ba. Tsarin 2022 bai samu littattafai ko malamai ba, kuma yaran da suka zauna WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a zo da shi, saboda haka ba shi ya kayar da su ba. Yankunan da ake magana a kansu kuma su ne masu ƙarancin malamai, da cunkoson azuzuwa, da rufe makarantu saboda rashin tsaro. Suna kuma nuni da wani rahoton Bankin Duniya na 2021 da ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na ɗalibai a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ana koyar da su da harshen da ba su ji sosai, ya kuma ba da shawarar a fara da harshen da yaro ya sani.

Amurka ta riga ta yi irin wannan ja-in-ja. A 1974 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar a madadin 'yan asalin Sin a San Francisco, cewa ba adalci ba ne a ba yaro littafi da malami iri ɗaya da na kowa alhali ba ya jin harshen. A 1998 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da dokar da ta taƙaita koyarwa da harshe biyu, aka koma kusan Turanci zalla. A 2016 masu zaɓen jihar suka janye takunkumin da gagarumin rinjaye. A tsakanin nan malamai suka lura da wani rukuni na yara da suka shekara 6 ko fiye a makaranta, suna hira da Turanci lafiya lau, amma sun maƙale a karatu da rubutu. Nutsar da yaro cikin Turanci ya ba shi baki, bai ba shi alƙalami ba.

Wani aiki da Carol Booth Olson ta jagoranta daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, tare da makarantun garin Santa Ana, ya nuna wata hanya. Maimakon a rage wa masu koyon Turanci nauyin adabi, an horar da malaman sakandare su koya musu dabarun tunani a fili: yadda ake hasashen abin da zai faru a labari, yadda ake yi wa matani tambaya, yadda ake bambanta taƙaitawa da sharhi a cikin rubutunsu. Rubutun nazarin ɗaliban ya inganta fiye da na takwarorinsu. Sai dai yaron Santa Ana yana fita daga aji ya faɗa cikin Turanci, yaron Kazaure kuwa yana fita ya faɗa cikin Hausa. Wannan bambancin yana ƙarfafa kowane ɓangare ta wata fuska: yana nuna buƙatar a yawaita Turanci a aji, yana kuma nuna cewa haramta Hausa zai bar yara da yawa ba su fahimci komai ba.

Saɓanin da ke cikin aji

Ko an gama da maganar harshe, malaman adabi suna da nasu saɓani. Na farko a kan littafi ne: a ba yaro na asali, ko wanda aka sassauta masa Turanci? Mai sassauci yana sa yaro ya gama littafi ya ji daɗin karatu, amma adon harshen da jarrabawa ke tambaya a kai shi ne abin da sassautawa ke gogewa. Malamai da yawa sun tsaya a tsakiya: a fara sanin labarin a sauƙaƙe, sannan a zaɓi shafuka kaɗan na asali a tsaya a kansu layi-layi.

Na biyu a kan ƙwarangwal ɗin rubutu ne, wato a ba ɗalibi jimlolin farawa, kamar "marubucin ya nuna cewa", "hujjar haka ita ce", "wannan yana nufin", ya cike gurbin. Masu suka suna cewa yana haifar da insha'i iri ɗaya kamar bulo daga maƙera guda. Masu kare shi suna cewa magini ma da katako yake tallafe dakali kafin siminti ya bushe, laifin shi ne a bar katakon har abada.

Na uku jan biro. Malamin da ya ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure yakan koya wa yaro ya rubuta gajerun jimloli marasa haɗari, ya bar tunaninsa a ciki. Wanda ya kau da kai daga nahawu kuma ya tura yaro jarrabawar da ke zaftare maki a kan kowane kuskure. Mafita da aka fi gwadawa ita ce a raba aikin: a rubutun farko a duba hujja, a na biyu a duba harshe, kuma a zaɓi kuskure iri biyu ko uku a yi ta bi har su fita. Amma wannan yana buƙatar lokaci. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga ɗalibai 40 a sakandare. A ɗauka malami yana da aji 4, kowanne da yara 80. Takardu 320 ke nan, idan kowace ta ci minti 5, ya kusa awa 27 a kan insha'i guda. Nan ne asalin dalilin da ya sa yara da dama suke kai aji 6 na sakandare ba su rubuta insha'in da wani ya karanta ya mayar musu da gyara ba.

Jarin da yaro ke shigowa da shi

Akwai abin da muhawarar ta tsallake. Yaron Hausa ba ya zuwa darasin adabi hannu rabbana. Wanda ya zauna a zaure ko Islamiyya ya ga yadda malam ke karanta matani da Larabci, ya fassara, ya tsaya a kan kalma guda ya ce me ya sa aka zaɓe ta, ya kawo dalili. Ya san bambancin matani da sharhi, ya san ba a karɓar magana sai da hujja. Wanda ya ɗauki darasin Hausa ya san jigo da warwarar jigo, da salo, da zubi da tsari, da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa. Yarinyar da ke karanta dogayen littattafan Hausa a waya tana iya shafe awa guda tana musu da ƙawarta a kan ko tauraruwar labari ta kyauta, tana kawo abin da ya faru a babi kaza. Duk wannan nazari ne, sunansa ne kawai ba a gaya musu ba.

Cummins ya yi bayanin cewa irin wannan ƙwarewa ba a sake koyonta daga tushe a harshe na biyu, ƙaura take yi. Wanda ya gane mutuntarwa a waƙar Hausa, sunanta na Turanci kawai yake buƙata. Shi ya sa wasu malamai suke barin yara su yi musu a kan labari da Hausa na 'yan mintuna a ƙungiya-ƙungiya, sannan kowa ya rubuta da Turanci. Abin lura a sabon tsari shi ne yadda shugabannin makarantu da jami'an sa-ido za su fassara shi. Idan suka ɗauke shi a matsayin cewa bayani da rubutu da jarrabawa su kasance da Turanci, wannan dabara tana da wuri. Idan suka ɗauke shi a matsayin haramta Hausa a bakin kowa, za a rufe ta, kuma ajin adabi zai iya komawa wurin da malami ke magana shi kaɗai.

Abin da zai iya biyo baya

Ga ɗaliban da ke sakandare yanzu, harshen jarrabawarsu bai sauya ba. Tasirin sanarwar zai bayyana ne idan 'yan firamare na yau suka iso babbar sakandare, shekaru masu yawa nan gaba. A makarantun da malamai suka ƙware a Turanci, yara za su iya isowa da kunne da baki da suka fi na yayyensu. A inda malamin firamare shi kansa yake fama da harshen, ana fargabar hadda ta ƙaru, fahimta ta ragu, ko kuma a ci gaba da cakuɗa harsunan kamar da, sai dai yanzu a ɓoye. Ilimi kuma a tsarin mulkin Najeriya abu ne da tarayya da jihohi suke da hannu a ciki, jihohi ne ke ɗaukar malaman firamare da sakandare, saboda haka aiwatarwa za ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Ga iyaye, nauyin zai iya zuwa ta aljihu: kuɗin darasin yamma, da matsin lamba na mayar da yaro makarantar kuɗi. Akwai kuma maganar zaɓin darussa. Makarantu da dama a Arewa ba su da malamin adabin Turanci, wasu ɗalibai kuma suna gudunsa saboda tsoron faɗuwa. Amma mai son karanta lauya sai ya rubuta adabin Turanci a JAMB, kuma yawancin jami'o'i suna neman kiredit a cikinsa, haka ma mai son karanta Turanci. Yaron da ya yar da darasin a aji 4 na sakandare yakan gano haka ne ranar da ya zo cike fom.

Uban da ke son sanin inda ɗansa yake ba sai ya iya Turanci ba. Zai iya tambayar a nuna masa littattafan adabin da aka sa a bana, ya ga ko yaron yana da su ko taƙaitawa kawai ya saya. Zai iya buɗe littafin insha'i ya ƙirga rubutu nawa aka yi a zangon, nawa ne malami ya duba. Zai kuma iya cewa yaron ya ba shi labarin littafin da Hausa, sannan ya tambaye shi wa ya fi gaskiya a cikin mutanen labarin, kuma a wane shafi ya ga haka.